Yadda Ake Zaɓen Taya da Wili ga Motar A-kori-kura Mai Aikin Gona

Aikin da motar a-kori-kura ke yi wa manomi ya sha bamban da na motar da ke kai-komo tsakanin gida da ofis. Da damina ita ce ke kai taki da iri ta hanyar da ruwa ya zaizaye, da kaka ita ce ke kutsawa tsakiyar gona ta tsallake kunya ta taka kututturen dawa domin kwaso amfani, sannan ta hau kwalta da wannan lodin ta nufi kasuwa a tsakiyar zafin rana. Tayar da za ta jure wa wannan duka ana zaɓenta ne bisa abubuwa uku a jere: nauyin da za ta iya ɗauka, tsawo da kaurin gefenta, sai kuma dacewarta da irin ƙasar da za ta taka. Canjin da aka fi yi wa Hilux da 'yan'uwanta a birni, wato babban wili mai sheƙi da taya mai faɗi marar kauri, yana tauye biyun farko, shi ya sa manomin da ya sayi motar hannu daga birni yakan tarar cewa gyaran farko da take buƙata shi ne a mayar da ƙafafunta yadda kamfani ya tsara su.

Karanta abin da ke rubuce a gefen taya

Kafin a je kasuwa, a buɗe ƙofar direba a duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, domin a nan kamfani ya rubuta girman tayar da ya gwada motar da ita, tare da iskar da ta dace idan babu kaya da kuma idan an yi lodi. Idan takardar ta goge, littafin motar yana ɗauke da bayanin. Wannan shi ne tushen lissafi, kuma bai kamata a dogara da tayar da aka tarar a jikin motar ba, tunda mai yiwuwa wanda ya riƙe ta a baya ya riga ya canza.

A ɗauki misalin 265/65R17, wadda ta zama ruwan dare a kan Hilux da Ranger na 'yan shekarun nan. Lambar farko, 265, faɗin tayar ce da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsawon gefen tayar daga bakin wili zuwa inda take taɓa ƙasa ya kai kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wato kimanin milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar wayar da ke cikinta, sannan 17 girman wili ne da inci. Tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne, wilin ya kama milimita 432, idan aka ƙara masa tsawon gefe sau biyu, na sama da na ƙasa, sai a sami tsawon taya gaba ɗaya kimanin milimita 776. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci wajen kwatanta taya biyu, kuma ba a rubuta ta a jikin taya, sai mutum ya lissafa da kansa.

Akwai tayoyin aiki da ake rubuta su a taƙaice, kamar 205R16C da 195R15C. A irin waɗannan ba a sa lambar tsakiya ba, amma ana ƙiyasta ta a kusan 80, saboda haka 205R16C tana da tsawon kimanin milimita 735. Harafin C na ƙarshe yana nuna tayar motar haya da ɗaukar kaya ce, kamar yadda LT ke nunawa a tsarin Amurka. Akwai kuma tsohon salo irin 7.50R16, inda faɗin ma da inci aka rubuta shi.

Nauyi shi ne abin dubawa na farko

Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, kamar 112S ko 110/108R, waɗanda masu saye da yawa ba sa kallo. Lambar tana nuna iyakar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka idan an cika mata iskar da ta kamata. Lamba 104 tana nufin kilo 900, 106 kilo 950, 108 kilo 1,000, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 115 kilo 1,215, 120 kuma kilo 1,400. Inda aka rubuta lamba biyu, ta farkon ce ta shafi a-kori-kura, ta biyun kuwa ta motocin da ake jera wa taya biyu-biyu a baya ce. Harafin yana nuna iyakar gudu: Q kilomita 160 a sa'a, R 170, S 180, T 190. Motar gona ba ta da wata buƙata da ta wuce Q ko R, don haka babu dalilin biyan kuɗi saboda harafin gudu.

Yanzu a zo ga lissafin buhu. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba ko kusa da haka, kuma wannan adadin ya haɗa da direba da duk wanda ya shiga motar. A ce ƙafafun baya suna ɗauke da kilo 850 tun motar tana fanko, sai aka ɗora buhu goma na masara mai kilo 100. Kusan dukkan nauyin a kan ƙafafun baya zai zauna, musamman a mota mai ƙofa huɗu wadda bodinta ya fi karkata zuwa bayan ƙafa, sai ya zama kilo 1,850 a kan taya biyu, kowace da kilo 925. Taya mai lamba 110 ta ɗauki wannan har da 'yar rara, mai lamba 104 kuwa an riga an wuce iyakarta tun kafin a fita daga gona. Idan aka mayar da buhunan goma sha biyar, kamar yadda ake yawan gani a hanyar Dawanau lokacin kaka, kowace taya ta doshi kilo 1,175, kuma wannan lissafin mota a tsaye ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Da zarar ƙafa ɗaya ta hau kunya ko ta faɗa rami, nauyin yana komawa gefe ɗaya na ɗan lokaci.

Dole a faɗi wani abu a nan ba tare da kwana-kwana ba: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota iyakar lodinta. Sifirin da birki da boris da shasi suna nan yadda suke, kuma a kan motoci da yawa akwai farantin ƙarfe da kamfani ya buga iyakar nauyin ƙafafun gaba da na baya a kai. Abin da taya mai babbar lamba ke bayarwa shi ne rara, ta yadda za ta yi aikin ba tare da ta ɗauki zafin da zai raba wayarta da robarta ba. A ganina, ga motar da ke ɗaukar cikakken lodi a kai a kai, bai kamata a sauka ƙasa da 110 ba, kuma kada a taɓa sauka ƙasa da lambar da kamfani ya rubuta.

Masu Tacoma da Tundra da F-150 da aka shigo da su daga Amurka su lura da tayar da lambarta ta fara da harafin P. Wannan tayar ƙaramar mota ce, kuma ƙa'idar can ta ce idan aka ɗaura ta a kan motar ɗaukar kaya, sai an raba nauyin da aka rubuta da 1.1. Ke nan mai lamba 110 ta koma kusan kilo 964.

Sai batun da masu faci da 'yan kasuwa suka fi sani, wato 6PR, 8PR da 10PR. A da can lambar tana nuna yawan shimfiɗar zaren da ke cikin taya, yanzu kuwa ma'aunin ƙarfi ne kawai. A tayoyin LT ana rubuta shi da harafi, C daidai da 6, D daidai da 8, E daidai da 10 (wannan C daban take da wadda ke ƙarshen 205R16C). Ga Hilux, D-Max, L200 da Navara, 8PR ita ce tsaka-tsakin da ya fi dacewa da gona. Mai 10PR ta fi jure wa kututture da tsinin dutse, amma ta fi nauyi, ta fi shan mai, kuma idan motar ba ta da kaya tana jijjiga mutum a kan burji ba kaɗan ba. Wanda gonarsa ke cikin sabon saran daji, inda kututturen itace ke ɓoye cikin ciyawa, shi ne ya fi cancantar ɗaukar wannan wahala.

Girman wili da irinsa

Ramin da taya ke zama a jikin mota yana da iyaka, saboda haka duk incin da aka ƙara wa wili daga gefen taya ake cire shi. Lambobi sun fi bayyana wannan. Tayoyi huɗu, 265/70R16, 265/65R17, 265/60R18 da 265/50R20, tsawonsu kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 773 da 777. Amma tsawon gefensu ya tashi daga milimita 186 a ta farko, zuwa 172, zuwa 159, har ya sauka 133 a ta ƙarshe. Wannan gefen shi ne ke lanƙwasawa ya shanye dukan dutse da bakin rami kafin ya isa wili, shi ne kuma ke ba da damar rage iska a cikin yashi ba tare da wili ya cije robar ba. Don haka ƙa'idar gona mai sauƙi ce, a zaɓi mafi ƙanƙantar wilin da motar za ta karɓa, wanda a mafi yawan lokuta inci 16 ne ko 17.

Abin da ke yanke hukunci a kan ƙanƙantar wili shi ne birkin gaba. Wasu sababbin motoci suna da babban faifan birki wanda wili mai inci 16 ba zai rufe shi ba, ko ya rufe amma ya riƙa gogar maƙallin birkin. Kada a yarda da faɗar baki. A ɗaura wili ɗaya a ƙafar gaba tun ba a sa masa taya ba, a juya shi da hannu, a tabbatar akwai sarari ta kowane gefe.

Tsakanin wilin ƙarfe da na alminiyam, na ƙarfe ya fi dacewa da ƙauye saboda dalili ɗaya babba: idan ya daki dutse lanƙwasawa yake yi, kuma ana iya buga bakinsa da guduma ya sake riƙe iska har a isa gari. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya tsatsa, amma idan dukan ya yi ƙarfi tsagewa yake yi, kuma wilin da aka yi wa walda ba abin aminta ba ne a ƙarƙashin lodi. Na alminiyam da ya zo da motar daga kamfani ba shi da laifi, wanda ake gudu shi ne na kwalliya marar suna, wanda ba a buga nauyin da yake ɗauka a bayansa ba. Shi ma wili yana da iyakar nauyi kamar taya.

Yawan ramukan noti bai isa ya nuna cewa wili zai shiga ba. Hilux mai tsayi, Ranger, D-Max da L200 duk suna da rami shida a kan da'ira mai milimita 139.7, amma Navara ta zamani, duk da raminta shida ne, da'irarta 114.3 ce. Hilux 'yar ƙasa mai ja da ƙafafun baya kaɗai takan zo da rami biyar, Land Cruiser ta a-kori-kura ta yanzu ma biyar ne amma a kan da'ira mai milimita 150. Ko a tsakanin waɗanda da'irarsu ta zo ɗaya, ramin tsakiya ya bambanta: na Hilux kimanin milimita 106 ne, na Ranger 93, na L200 kuwa 67. Ke nan wilin L200 ba zai zauna a kan Hilux ba, na Hilux kuma zai shiga L200 amma da sarari a tsakiya, wanda kan jawo rawar sitiyari idan ba a cike shi da zoben da ya dace ba. A Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a sami wili iri-iri a tare, kuma hanya mafi aminci ita ce a je da motar a gwada.

Akwai kuma lambar da ake bugawa a bayan wili da haruffan ET, wadda ke nuna yadda wilin ke shigewa ciki ko fitowa waje. Wilin inci 17 na Hilux yakan zo da ET30. Idan aka sa mai ET0, tayar ta fito waje da milimita 30 a kowane gefe. Matasa suna son haka saboda motar tana yin kwarjini, amma nauyin ya matsa daga inda aka tsara boris ya ɗauke shi, sitiyari ya ƙara tauri, tayar takan gogi madigadi idan an karya kwana, kuma tana watsa taɓo da tsakuwa a jikin ƙofofi. A tsaya kusa da lambar kamfani. Faɗin wili shi ma sai ya dace da taya: 205R16C tana zama daidai a kan mai inci 6, 265/65R17 kuwa tana son 7.5 ko 8.

Gargaɗi ɗaya game da tsohon wili mai zobe da ake samu a kan wasu Land Cruiser. Idan zoben bai zauna daidai ba, yana iya fitowa da ƙarfin da zai kashe mutum yayin da ake ba da iska. Sai mai facin da ya san shi, kuma kada kowa ya tsaya a saitinsa.

Siririya ko mai faɗi, doguwa ko gajera

Ana yawan ɗauka cewa taya mai faɗi ita ce maganin kafewa, amma aikin gona bai goyi bayan haka ba a ko'ina. A hanyar da ruwa ya jiƙa samanta amma ƙasanta na da tauri, kamar yawancin hanyoyin jar ƙasa na kudancin Kaduna da Neja, siririyar taya tana yanka caɓin ta isa ƙasa mai ƙarfi ta kama, mai faɗi kuwa sai ta riƙa sulɓi a sama. Siririya ta fi bin sawun amalanke da na tarakta, ta fi kauce wa kututture tunda abin da take takawa bai kai na mai faɗi ba, ta fi sauƙin mai, kuma sau da yawa ta fi araha. Ba banza ba Land Cruiser da ke keta yashin arewacin Nijar ta daɗe tana fitowa da 7.50R16, wadda doguwa ce siririya.

A yashi irin na Jigawa, arewacin Katsina, Maraɗi da Damagaram, abin da ke hana mota nutsewa shi ne girman wurin da taya ta kwanta a ƙasa, kuma rage iska yana ƙara wannan wurin ta tsawo fiye da yadda faɗin taya ke ƙara shi. Doguwar taya mai yalwar gefe ta fi cin moriyar wannan dabara. Mai faɗi tana da nata amfanin a yashi mai laushi ƙwarai da kuma kan kwalta da gudu, sai dai a laka marar gindi irin ta fadamun shinkafa na Kebbi da Haɗeja, ko baƙar ƙasar yankin tafkin Chadi idan ta sha ruwa, babu faɗin tayar da zai ɗaga mota mai tan uku. A irin wannan wuri a tsayar da motar a kan tudu a fito mata da kayan. Hakan ya fi ma gonar alheri, domin taya mai iska da yawa tana danƙare jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma sawunta yakan nuna a jikin shukar baɗi. Ga mafi yawan manoma, faɗi tsakanin 205 da 245 ya wadatar, wanda motarsa ta zo da 265 kuma babu laifi ya zauna a kai.

Batun ƙara tsawo ya fi buƙatar taka-tsantsan. Taya ce kaɗai ke ɗaga kaskon giyar baya daga ƙasa, wanda shi ne ke fara kama tudun tsakiyar hanya, saboda haka sha'awar ƙarawa tana da dalili. Amma ribar rabin abin da aka ƙara ce. Idan aka tashi daga 265/65R17 mai milimita 776 zuwa 265/70R17 mai milimita 803, motar ta ɗagu da milimita 13 kacal, alhali tsawon taya ya ƙaru da sama da kashi 3 cikin ɗari. Maleji zai riƙa nuna 100 motar tana gudun 103, ƙarfin ja zai ragu da kwatankwacin wannan kashin, birki kuma zai ƙara wahala. Wannan canji ya ɗan haura iyakar da aka saba bi, amma mota za ta iya jurewa. Tsalle daga 205R16C zuwa 235/85R16 mai milimita 806 kuwa kusan kashi 10 ne, kuma Hilux mai injin fetur 2.7, wadda ta yi yawa a Najeriya, za ta nuna gajiya idan za ta tashi da lodi a kan hawa, kulocinta ne kuma zai biya bashin. Iyakar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa da girman kamfani. Daga 205R16C, matakin da ke cikin wannan iyaka shi ne 245/70R16 mai milimita 749, muddin wilin ya kai faɗin inci 6.5 ko 7.

A mota mai giyar ƙafa huɗu wajibi ne tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, kuma an fi so su zama iri ɗaya. Idan na gaba da na baya suka bambanta, sai su riƙa jayayya da juna ta cikin giya duk lokacin da aka sa ƙafa huɗu, ɓarnar kuma ta fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Zanen taya

Iri uku ne a kasuwa. Mai alamar HT ta kwalta ce, ba ta da ƙara, tana daɗewa, amma zanenta yana cikewa da laka nan take. Mai alamar MT tana da manyan haƙora da ke zubar da taɓo yayin da take juyawa, gefenta kuma yakan fi kauri, sai dai tana kuka a kan kwalta, tana saurin cinyewa, birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na sauran ba, kuma a yashi tana haƙa rami ta binne kanta idan direba ya matsa mata. Mai alamar AT tana tsakiya. Hanyar yanke shawara ita ce mutum ya duba tafiyarsa ta shekara da gaskiya. Manomin da ke yin kilomita sittin a kwalta kafin ya sauka ya yi biyar a burji, AT mai C ko LT ce tasa, ko da kuwa sau biyu ko uku a damina zai so a ce MT gare shi. Wanda motarsa ke kwana a gona a yankin laka mai yawan ruwa, shi ne MT za ta biya wa kuɗinta.

Iska

Taya mafi tsada ma ba za ta ɗauki nauyin da aka rubuta mata ba sai da iskar da ta dace. Tayar C mai 8PR tana kai cikakken ƙarfinta ne a kusan psi 65 (psi shi ne ma'aunin matsin iska da geji ke nunawa), mai 10PR ta LT kuma a psi 80, kuma wannan yana nufin wanda ya koma irin waɗannan tayoyi amma ya ci gaba da sa 30 ko 32 na tayar da ya cire, ya ɗora buhu goma, bai amfana da canjin ba. Lambar da ke gefen taya iyaka ce, ba ita ake sawa kullum ba. A fara da abin da takardar ƙofa ta ce don cikakken lodi, a ƙara wa na baya idan tayar LT ce, sannan a rage idan an sauke kaya, in ba haka ba tsakiyar tayar zai riga gefenta cinyewa. Wanda zai wuce psi 65 ya sa a canza masa bawul zuwa mai jure matsi, domin na roba da aka saba da shi iyakarsa psi 65 ce.

A auna da safe kafin mota ta motsa. Iska tana hawa idan taya ta yi zafi, kuma kuskure ne babba a sace ta a tsakiyar tafiya don an ga geji ya hau, domin taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasawa, ta fi ɗaukar zafi, kuma ita ce ke fashewa a watannin Maris da Afrilu. A yashi ana iya sauka zuwa 18 ko 20 idan motar ba ta da nauyi sosai, a tafi a hankali ba tare da karya kwana da ƙarfi ba, sannan a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Da cikakken lodi ba a sauka ƙasa haka. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai da geji na kai da ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota, kuma kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

A wurin saye

Tun bayan da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar Najeriya ta dogara ne ga tayar da ake shigowa da ita, wadda kan daɗe a jirgi da sito kafin ta iso hannun mai saye. A nemi jerin haruffan da suka fara da DOT a gefen taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 1823 ke nufin mako na 18 na 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha jan kunnen direbobi a kan tayar da ta tsufa, kuma zafin Arewa yana busar da roba tun zanenta bai cinye ba. Sabuwar tayar da ta shekara biyu ko uku a shago ta riga ta ci wani kaso na rayuwarta. Tayar gwanjo kuwa, ban da cewa tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, ba a ganin raunin da ke cikin wayarta da ido, kuma da yawansu an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi. Idan aljihu bai kai huɗu ba, gara a sayi biyu sababbi a sa su a baya inda nauyi yake, da girma ɗaya da na gaba.

A kuma tambayi mai faci na garin da ya fi kusa da gona wane girma ne ake samu a wurinsu. Taya mai baƙon girma da sai an aika Kano ko Abuja tana iya ajiye mota kwana da kwanaki a tsakiyar girbi, alhali 205R16C, 245/70R16 da 265/65R17 sun fi sauƙin samuwa. Safaya ma ta zama girma ɗaya da sauran, a tabbatar tana shiga mazauninta na ƙarƙashin bodi idan an ƙara tsawo, a kuma riƙa auna iskarta. Hudar ƙusa ko ƙayar aduwa a tsakiyar zane tana gyaruwa, amma yanka ko kumburi a gefen taya ba shi da facin da za a amince masa da lodi.

Bayan an ɗaura, a sa a yi balansin da alaimen, sannan a gwada motar da kaya a kanta: a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da baya, a haura ƙafa ɗaya kan tudu, a saurara ko akwai inda taya ke gogar madigadi, sifirin ko bututun birki. A ɗaure notina a gicciye da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, a sake bin su ɗaya bayan ɗaya idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, domin sabon wili yakan ɗan saki bayan ya zauna.